Gidan da Ba a Tambayar Baƙo Me Ya Kawo Shi: Sharhin Fim ɗin Ex Libris

Akwai wani wuri a farko-farkon fim ɗin Ex Libris da na mayar baya har sau uku. Wani ma'aikacin laburare ne zaune gaban kwamfuta yana amsa wayar wani da ba ma jin muryarsa. Daga amsar da yake bayarwa muke gane cewa mai kiran yana tambaya ne a kan yunikon, dokin nan na tatsuniyoyin Turawa mai ƙaho ɗaya a goshi. Cikin ladabi ma'aikacin ya sanar da shi cewa ai wannan dabba ƙirƙirarta aka yi, ba a taɓa yin ta ba. Na zaci a nan za a ajiye waya. Sai ga shi ya ci gaba da lalube, ya zaƙulo wani tsohon rubutu da ya ambaci dabbar cikin Ingilishin da, irin wanda Baturen yau ma sai an yi masa tafinta, yana ta ƙoƙarin fassara wa mai tambaya. Bai yi dariya ba, bai yi tsaki ba, ba mu kuma ji ya ce masa "wane ne kai" ba.

Sana'ata rubuta manhaja ce, shi ya sa wurin ya tsaya mini a rai. Duk manhajar da na taɓa sa hannu a aikinta, shafinta na farko tambaya ce: sunanka, lambar wayarka, kalmar sirri, sannan ka amince da sharuɗɗan da ni da na liƙa su ma ban karanta ba. Bayan ka shiga sai mu hau ƙirga: minti nawa ka yi, me ka taɓa, a ina ka gaji ka fita, nawa za a iya samu a kanka. A irin wannan lissafi, mutumin da ya kira yana neman labarin dokin da babu shi asara ce tsagwaronta, kuma aikina shi ne in rubuta abin da zai sallame shi cikin daƙiƙa goma ba tare da ya ji muryar ɗan Adam ba. Ga wata hukuma kuma tana biyan mutum albashi don ya saurare shi. Sai na ci gaba da kallo da tambaya ɗaya a raina: wa ya yanke shawarar a yi haka, kuma daga aljihun wa?

Ex Libris: The New York Public Library ya fito a 2017, an fara nuna shi a bikin fina-finai na Venice a Italiya. Fim ne na gaskiya, babu 'yan wasa, tsawonsa minti 197. Mai shi, Frederick Wiseman, Ba'amurke ne haifaffen 1930, aikin lauya ya karanta kafin ya koma fim. Fim ɗinsa na farko, Titicut Follies na 1967, a wani asibitin fursunoni masu taɓin hankali na jihar Massachusetts ya ɗauke shi, kotu kuma ta hana nuna shi ga jama'a har 1991. Tun daga lokacin abu ɗaya ya riƙa yi: ya shiga hukuma, makaranta ce ko asibiti ko ofishin tallafi, ya yi makonni yana kallo, sannan ya koma ɗaki ya yi watanni yana tace abin da ya ɗauko. Babu mai ba da labari a bayan fage. Ba ya hira da kowa. Ba ya ɗora kiɗa don ya gaya maka inda za ka ji tausayi. Ko rubutun nan na ƙasan hoto da ke faɗar sunan mai magana babu.

Wannan salo yana da tsadarsa, gara in faɗa wa mai karatu tun yanzu. Ni dare uku na yi kafin in gama fim ɗin. Akwai dogayen hirarraki da shahararrun Amurka da Ingila, irin su mawaƙiya Patti Smith da mawaƙi Elvis Costello, waɗanda in ba ka san su ba ba za a gaya maka ko su wane ne ba, in ka san su ma babu abin da suka ƙara wa maganar laburare. Da an yanke rabinsu da babu wanda zai yi kewa. Ina zargin Wiseman ya bar su ne saboda zaƙin bakinsu, kuma dattijo ya ci darajar tsufa a bar shi da abin da yake so. Amma wanda ke kallo a waya yana lissafin data, ya sani zinariyar fim ɗin ba ta wajen manyan baƙi.

Kafin in kai ga inda take, a san wace irin hukuma ce wannan. Laburaren Jama'a na New York ba gini ɗaya ba ne. Wurare 92 ne, rassa 88 na unguwanni da cibiyoyin bincike 4, a yankunan Manhattan da Bronx da Staten Island. Brooklyn da Queens suna da nasu daban. Wanda aka fi gani a hoto shi ne babban ginin da ke titin Fifth Avenue, wanda aka buɗe a 1911, mai gumakan zakuna biyu a ƙofa. Kuma duk da sunansa, ba ma'aikatar gwamnati ba ce zalla. Ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta neman riba, wadda ke cin abinci da hannu biyu: kuɗin birni da kyautar masu hannu da shuni. Haka aka haife ta. A 1895 aka haɗe laburarukan Astor da Lenox da dukiyar da Samuel Tilden ya bari. A 1901 attajirin ƙarafa Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 5.2 don gina rassa 65 a birnin, bisa sharaɗin birni ya ba da fili, ya kuma ɗauki nauyin gudanarwa. A sauran garuruwan da ya gina wa laburare, ƙa'idarsa ita ce gari ya yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin a kowace shekara. Carnegie ba waliyyi ba ne, shi ne mai masana'antar Homestead inda aka zubar da jinin ma'aikata a yajin aikin 1892. Amma ya gane abin da masu ba da kyautar gini da yawa ba su gane ba har yau: ranar yanke zare ba ita ce laburare ba.

A ƙananan rassa fim ɗin ke numfashi. Yara sun taso daga makaranta ana taya su lissafi. Tsofaffin 'yan asalin Sin suna koyon kwamfuta da harshensu. Ana koya wa wata makauniya karanta rubutun makafi, yatsa a kan takarda, harafi bayan harafi, kyamara kuma ba ta gaggawa. A Bronx an tara masu neman aiki, wakilan hukumomi suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna bayanin guraben da suke da su. Wasu dattawa sun zauna da'ira suna gardama a kan wani littafin Gabriel García Márquez, kowa yana auna soyayyar cikin littafin da tasa rayuwar. Tsakanin waɗannan kuma Wiseman yakan bi ta bayan mutanen da ke zaune gaban kwamfuta, ya leƙa allonsu: wani na bincike a kan cuta, wani na wasa, wani na cike takarda. Babu wanda aka ce wa abin da yake yi bai kai a ba shi kujera ba.

Wurin da ya fi burge ni a nan ba shi da wani armashi a ido. Wata ma'aikaciya ce ke raba wa mutane wata 'yar na'ura da ke ba da intanet, aro, su tafi da ita gida kamar littafi. Tana bayanin dokokin amfani da ita, suna yi mata tambayoyi irin na wanda ya saba da tarko a cikin duk abin da aka ce kyauta ne. Ita kuma tana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin katangar wani otal ko wata makaranta da dare yana satar sabis don ya aika takardar neman aiki, ba ya bukatar a fassara masa wannan wuri. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a birnin da ake juya kuɗin duniya ake wannan layi.

To, amma ba ko a nan gizo ke saƙar ba. Kusan duk bayan 'yan mintuna, Wiseman yakan ɗauke mu daga wajen jama'a ya kai mu ɗakin taro, inda shugaban laburaren, Anthony Marx, da manyan ma'aikatansa ke zaune da takardu. Maganarsu ɗaya ce ana juya ta: nawa birni zai bayar bana, yaya za a yi amfani da kuɗin attajirai a jawo na gwamnati, yaya za a yi da na gwamnati a jawo na attajirai, me za a gaya wa 'yan majalisar birni, me za a saya, me za a bari. Na san masu kallo da yawa nan suke danna gaba. Ni kuwa nan na gyara zama, domin na san wannan ɗaki. A aikinmu ma, abin da mai amfani ke gani a fuskar waya kaɗan ne daga cikin aikin. Sauran yana can baya, wurin da babu mai ɗaukar hoto: wa zai biya kuɗin ma'ajiyar bayanai a wata mai zuwa, wa zai tashi ƙarfe biyun dare in abu ya tsaya, wa zai gyara abin da wanda ya rubuta shi ya bar aiki tun bara. Manhajar da ba a kula da ita ba ta mutuwa rana ɗaya, rubewa take yi a hankali, allonta na nan da kyansa.

Hujjar fim ɗin ke nan, ko da yake babu wanda ya furta ta. Ta hanyar jeranta hotuna kawai, ɗakin taro sannan ɗakin yara, ɗakin taro sannan makauniya da malamarta, Wiseman yana nuna cewa haƙurin mai amsa tambayar yunikon layi ne a cikin kasafin kuɗi. Muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gaskiya ne a gidan mutum. A hukuma kuwa fuskar ma sai an biya ta. Ma'aikacin da aka ɗora wa aikin mutum uku, aka kuma riƙe masa albashi, ba ya da murmushin da zai ba baƙo. Har wani wuri aka nuna mana inda ake rarraba littattafan da aka dawo da su, suna gudu a kan bel kamar buhuna a masana'anta, ma'aikata na jefa su cikin kwanduna. Can kuma ana jera cokula da kofuna a babban gini don liyafar masu ba da gudummawa. Fim ɗin bai ce komai ba. Ya dai ajiye su kusa da juna.

Wannan ya sa nake ganin ya kamata duk mai tura hotunan laburarukan Turai a WhatsApp yana rubuta "ina ma a ce" ya kalli fim ɗin. Hoton Oodi na birnin Helsinki, wanda aka buɗe a 2018 da kekunan ɗinki da ɗakunan ɗaukar sauti, yakan zagayo wayata lokaci-lokaci. Gini ne mai kyau. Amma hoto ba ya nuna ƙarfe nawa ake rufewa.

Kuma daidai nan ne na fara rabuwa da Wiseman. A wani taron ma'aikata a cikin fim ɗin, an gabatar da Francine Houben, mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Holan, wadda aka ba aikin sabunta reshen Mid-Manhattan. Ta yi bayanin da ya zama kamar taken laburaren zamani, cewa laburare ba rumbun ajiye littafi ba ne, sha'anin mutane ne. Wiseman ya bar maganar ta wuce lami lafiya, babu abin da ya ajiye kusa da ita da zai gwada ƙarfinta. Alhali akwai. Kamfanin Houben, Mecanoo, shi ya zana Laburaren Birmingham a Ingila, wanda ya ci kusan fam miliyan 189, Malala Yousafzai ta buɗe shi a 2013. A 2015, shekarar da Wiseman ke ɗaukar fim ɗinsa, an zaftare lokacin buɗe wannan gini daga awa 73 a mako zuwa 40, aka rage ma'aikata da yawa, domin majalisar birnin ba ta da kuɗi. Ba laifin mai zane ba ne. Amma ginin da aka yi don mutane, ga shi mutanen suna tarar da shi a kulle.

Kusa da gida ma akwai abin da fim ɗin ya yi wa shiru. Shekara guda kafin a fara ɗaukarsa, laburaren ya fito daga rikici mafi zafi a tarihinsa na baya-bayan nan. Shugabanninsa sun shirya rushe hawa bakwai na kantocin ƙarfe da ke ƙarƙashin babban ɗakin karatu, a kwashe miliyoyin littattafai, da yawansu zuwa wani rumbu a jihar New Jersey, a mayar da wurin fili mai haske da kujeru, bisa zanen Norman Foster. Marubuta da masu bincike suka yi ca, aka shigar da ƙararraki, a watan Mayun 2014 aka janye shirin. Littattafan da aka riga aka kwashe ba su koma kan kantocinsu ba, sai dai aka faɗaɗa wani rumbu a ƙarƙashin lambun Bryant Park. Kafin wannan kuma, an rufe reshen Donnell a 2008 bayan sayar da ginin. Wanda ya maye gurbinsa sai a 2016 aka buɗe, ya fi shi ƙanƙanta, kuma a ƙarƙashin wani otal na alfarma. Anthony Marx da muke gani yana jagorantar taro cikin natsuwa shi ke kan kujera lokacin da aka janye shirin Foster. A cikin minti 197, wanda bai san labarin ba ba zai fito da shi ba. Za a iya cewa salon Wiseman ne, abin da ya faru gaban kyamara kawai yake nunawa. Na yarda. Amma shi ke zaɓar inda zai ajiye kyamarar, kuma wanda ya samu wurin Elvis Costello ba zai rasa wurin masu ƙorafi ba.

Dalilin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, kalmar "mutane" ta fi kowace kalma sauƙin sayarwa. Mu ma a taronmu ita muke ɗagawa duk lokacin da za mu cire wani abu mai tsadar kulawa: don masu amfani muka yi. Wanda ke neman wani tsohon littafi da ba a ara ba tun shekara ashirin shi ma mutum ne. Wurin zama da caji da intanet kowane babban kanti na iya bayarwa. Abin da kanti ba zai yi ba shi ne ya adana abin da babu mai nema yau saboda wanda zai nema bayan shekara hamsin. A taronsu ma an taɓa maganar, ko a sayi littattafan da ake rububi ko waɗanda ba su da kasuwa amma suna da daraja. Da Wiseman ya daɗe a nan.

Shiru na biyu ya fi na farko nauyi. Akwai taro ɗaya da aka tattauna yadda za a yi da marasa matsuguni da ke wuni a laburare. Manya sun yi magana mai daɗi da tausayi, kuma na yarda da gaskiyar zuciyarsu. Amma a bakin manya kawai muka ji batun. Ba mu ga lokacin da mai gadi ke taɓa kafaɗar mai barci ba, ba mu ga uwar da ta janye ɗanta daga kusa da wani ba, ba mu ga ma'aikaciyar da ke tsaye tsakanin mutum biyu masu haƙƙi ɗaya a kan kujera ɗaya ba. Nan ne ake gwada maraba, a kan baƙon da ba a so. Kuma tsohuwar rigima ce a Amurka. Wani marar matsuguni, Richard Kreimer, ya kai laburaren garin Morristown ƙara saboda korarsa da ake yi. Ya yi nasara a kotun farko, a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shiga laburare haƙƙi ne, amma laburare na da ikon kafa dokoki, har da na tsaftar jiki. A 2009 laburaren San Francisco ya ɗauki ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta dindindin saboda wannan matsala. Mutumin da ya yi Welfare a 1975, inda talaka da ma'aikaci ke musayar murya ta saman kanta har kai mai kallo ka rasa wa za ka ba gaskiya, ya san yadda ake ɗaukar irin wannan. A Ex Libris ya kawar da kai. Ina ganin son wurin ne ya rinjaye shi, kamar kakan da ba ya ganin laifin jika.

Inda ya yi jarumta kuwa shi ne wajen nuna cewa buɗe ƙofa ga kowa yana nufin har da wanda ba ka son jin maganarsa. Da Richard Dawkins aka buɗe fim ɗin, masanin halittun nan da ya yi suna wajen yaƙi da addini, yana magana a harabar babban gini. Na san wasu daga cikinmu nan za su kashe wayar. Su daure. Can gaba, a ƙarƙashin inuwar hukuma ɗaya, ga masanin tarihi Rudolph Ware, marubucin The Walking Qur'an, littafin da ya yi a kan karatun allo a Afirka ta Yamma, yana bayani a kan malaman Musulunci na yankin da suka tsaya wa cinikin bayi. Ban zaci zan ji labarin almajirai da alarammomi a fim ɗin New York ba. Laburaren bai zaɓa mini ɗaya ba. Ya ba kowannensu abin magana da kujeru, ya bar wa mai sauraro hukunci.

Mafi kyawun wuri a fim ɗin gaba ɗaya, a ganina, yana kusa da ƙarshe, a wani ɗan ƙaramin reshe mai suna Macomb's Bridge a unguwar Harlem, wanda a lokacin faɗinsa bai fi falon wani mai hali ba. Khalil Gibran Muhammad, shugaban cibiyar Schomburg ta tarihin baƙar fata a lokacin, ya zo zama da mutanen unguwa. Magana ta kai kan wani littafin makaranta na kamfanin McGraw-Hill da ya kira bayin da aka kwaso daga Afirka "ma'aikata", abin da ya ta da ƙura a 2015. Babu dandamali, babu tafi. Iyaye ne ke tambayar abin da ake cusa wa 'ya'yansu, da inda za su samu abin da zai gyara shi. Amsar kuma tana nan kusa da su, a cibiyar da aka gina a kan littattafai da takardun da Arturo Schomburg ya tara, waɗanda laburaren ya mallaka a 1926. A nan maganar Houben ta hadu da iyakarta ba tare da kowa ya ambace ta ba: mutanen sun taru, amma abin da suka zo nema yana kan kanta.

Na yi ta neman abin da zan kwatanta wannan wuri da shi a wajenmu. Zaure ne ya fara zuwar mini, tunda nan ake saukar baƙo a ba shi ruwa kafin a tambayi labari. Amma zaure yana da mai shi. Majalisar ƙofar gida tana da 'yanta, teburin mai shayi sai ka saya. Kuma duka na maza ne. A fim ɗin na ga dattijuwa ta shigo ita kaɗai ta zauna da littafi, babu mai tambayarta wa take jira. Sai na tuna yayyena mata, waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba a lokacin da littattafan soyayya ke tashe. Ni ake aika shagon haya in karɓo, in mayar, in biya kuɗin kwana. Su ne masu karatun, ni ne mai izinin fita. Yanzu karatun ya koma waya, amma wurin zaman da mace za ta je don kanta, ba biki ba, ba asibiti ba, ba makaranta ba, har yanzu da wuya in nuna shi. Na tuna kuma wani laburare da na taɓa zuwa ina ɗalibi, inda aka ce sai na kawo takarda daga makarantarmu da hoto biyu, na ajiye jaka a waje, kafin in gama cike fam kuma aka fara rufe tagogi. Ma'aikacin bai yi mini rashin kirki ba. Dokar da aka ba shi ya bi, kuma wani ne ya zauna a wani ɗakin taro ya rubuta ta.

Akwai wata ƙofa kuma da fim ɗin ya leƙa kawai, wadda ta shafi sana'ata kai tsaye. A taronsu ana maganar yadda bukatar littattafan lantarki ke ƙaruwa. Abin da mai kallo ya kamata ya sani shi ne, laburare ba ya sayen irin wannan littafi, hayarsa yake yi. Tun 2011 kamfanin HarperCollins ya sa dokar cewa in an ari littafinsa na lantarki sau 26, sai laburare ya sake biya. Fayil ba ya yagewa, ba ya jiƙewa; wani irina ne aka sa ya rubuta layin da zai kashe shi a aro na 27. Sannan dokar jihar New York ta mayar da bayanin abin da mutum ya ara sirri, amma in ka karanta littafin laburare a Kindle, ta hannun Amazon yake bi. Gidan da ba ya tambayarka me ya kawo ka, in ya koma cikin waya, yakan tarar da wani zaune a bakin ƙofa da rajista. Laburaren ya gane haka har ya fitar da manhajarsa ta karatu, SimplyE, a 2016, wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta. Wannan gumurzu ya cancanci fim nasa.

Abubuwa biyu sun faru bayan fitowar Ex Libris da suka fi duk wani sharhi gaskata shi. A watan Oktoban 2021, laburarukan New York uku suka soke tarar jinkirin dawo da littafi, suka yafe duk bashin baya. Kafin nan, duk wanda tararsa ta kai dala 15 ana toshe katinsa, kuma kusan mutum 400,000 ne ke cikin wannan hali, mafi yawansu a unguwannin talakawa. A manhaja, wannan sharaɗi ne na layi ɗaya: in bashi ya kai kaza, hana. Ban san sau nawa na rubuta irinsa ba tare da na tsaya tunanin fuskar wanda zai faɗa wa ba. Goge shi bai bukaci sabon gini ko mai zane daga Holan ba.

Na biyun kuma, a ƙarshen Nuwamban 2023 gwamnatin magajin gari Eric Adams ta rage kasafin kuɗi, rassan da ke buɗewa ranar Lahadi suka daina. Sai a Yulin 2024, bayan jama'a sun yi ta matsa wa 'yan majalisa lamba, aka dawo da kuɗin. Sama da wata bakwai, har da tsakiyar hunturun New York, ranar da mai aikin kwana shida ke da ita a hannunsa. Da ni ke da kyamarar Wiseman, da na kafa ta a tsallaken titi wata Lahadi a Janairu, ba kiɗa ba magana kamar yadda ya saba, in ɗauki masu zuwa ɗaya bayan ɗaya suna jan ƙofa, su karanta takardar da aka liƙa, su ɗan tsaya, wasu su ciro waya su jingina da bango ko sabis ɗin ciki yana kaiwa waje.